Maganin Ruwan Ido: Littafin Aikin Rage Jerin Abinci a Gidan Abincin Hajiya

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin da muka ƙudurta yi a gidan abincin mahaifiyata yake tafiya, saboda na san halinmu: abin da ba a rubuta ba, bayan wata biyu kowa zai tuna ɓangaren da ya goyi bayan ra'ayinsa ne kawai. Gidan abincin yana nan Kano ta wajen Kabuga, kuma yawancin masu cin abincin rana a wurinmu ɗalibai ne da ma'aikata da direbobin A Daidaita Sahu. Hajiya ce mai wurin, Yayata ce ke riƙe da madafa tare da mata uku masu taya ta, ni kuwa nawa lissafi ne, wanda nake yi da yamma bayan na taso daga makarantar da nake koyarwa.

A yau allon da ke jikin bango yana ɗauke da abinci 16 da miya 6. Ba a rana ɗaya suka taru ba. Hajiya mutum ce da kalmar "babu" take yi wa nauyi a baki, don haka duk wanda ya tambayi wani abu sau biyu ko uku, sai a wayi gari an ƙara masa tukunya. Amala, alal misali, ta shigo ne saboda wasu magina da suka yi aiki kusa da mu shekaru huɗu da suka wuce. Ginin ya ƙare, maginan sun koma garinsu, amala kuwa tana nan ana tuƙa ta kullum. Can baya ana iya haɗiye irin wannan asara, amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun bara, kuɗin mota da na gas da na kayan miya suka tashi tare, kwantan kowane dare ya zama abin da ake gani ƙuru-ƙuru a cikin littafin ciniki.

Abin da muka tsayar shi ne, za mu yi mako biyu muna ƙirga kowane farantin da ya fita, sannan mu zauna mu rage allon.

Asabar, 20 ga Janairu

An gama ƙirga. A cikin kowane faranti goma da muka sayar, wajen takwas daga abinci biyar suka fito: shinkafa da wake, farar shinkafa da jar miya, dafa-duka, tuwon shinkafa da kuma taliya. Sauran sha ɗayan suna rabon faranti biyu ne a tsakaninsu, alhali kowannensu yana da tukunyarsa da wutarsa da cefanensa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba lissafin ba ne, abin da na gani ne ranar Laraba da na samu hutu na zauna kusa da kanta da misalin ƙarfe ɗaya da rabi. Wata ɗaliba ta zo, allo yana gabanta, amma ta tambayi yaron da ke zuba abinci, "Me da me kuke da shi?" Yaron ya jero mata su kamar mai karanta hadda. Ta ce a ba ta sakwara da agushi, yana ɗaukar faranti ta ce ya dakata, ta leƙa kular soyayyiyar shinkafa, ta tambayi ƙawarta, ta sake duban allo, mutum bakwai suna tsaye a bayanta suna tsaki ƙasa-ƙasa. Daga ƙarshe ta ce, "Kai, ba ni shinkafa da wake kawai." Yaron ya gaya mini daga baya cewa kusan kullum haka take yi, kuma kusan kullum shinkafa da waken take ci. Wannan shi ne ruwan ido, kuma mu muka jefa ta a ciki. Da na lissafa, mai son tuwo kaɗai yana da nau'i bakwai a gabansa, tuwon shinkafa da na masara da na alkama da semo da sakwara da amala da teba, idan aka haɗa da miya shida kuwa haɗi 42 ke nan yake zaɓa daga ciki, yana tsaye, yana jin yunwa. Tun a 1952 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Birtaniya mai suna William Hick ya nuna, da gwajin fitilu da maɓallai, cewa lokacin da mutum yake ɗauka kafin ya zaɓa yana ƙaruwa idan aka ƙara yawan abubuwan da aka ajiye masa. A layin abincin rana, wannan ƙarin lokacin ba mai zaɓen kaɗai yake ci ba, har da duk wanda ke bayansa.

Da dare muka zauna da Hajiya da Yaya. Hajiya ta ce kasuwa ido ce, kuma dogon allo shi yake nuna wuri ya cika. Sai na kawo mata labarin gwajin da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a shekarar 2000, wanda aka yi a wani kanti mai suna Draeger's a garin Menlo Park na jihar Kalifoniya a Amurka. Sun kafa teburin ɗanɗana jam ɗin da ake shafa wa burodi, wani lokaci su jera nau'i 24, wani lokaci 6. Babban teburin ya fi jan mutane, domin kashi 60 cikin ɗari na masu wucewa sun tsaya, ƙaramin kuwa kashi 40. Amma a cikin waɗanda suka tsaya, kashi 3 kacal ne suka saya a babban, alhali wajen kashi 30 suka saya a ƙaramin. Hajiya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To ɗan boko, su waɗannan ai ba yunwa ce ta kai su ba. Wanda ya shigo nan da rana, ko allo ya kai tsawon titi sai ya ci." Ban sami amsar da zan ba ta ba, domin gaskiya ta faɗa. Yaya ce ta raba gardamar da ta ce ita dai ta gaji, kuma a gwada na wata uku.

Litinin, 29 ga Janairu

An goge allo. Abin da ya rage shi ne tuwon shinkafa, semo, farar shinkafa, dafa-duka, shinkafa da wake, da taliya. Miya kuwa kuka da agushi da jar miya. Mutum huɗu sun tambayi sakwara, biyu daga cikinsu suka karɓi semo, biyu suka juya. Hajiya ta bi bayan waɗanda suka juya da kallo har suka tsallaka titi, ba ta ce mini komai ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Layin rana ya fi saurin tafiya, wannan babu musu a kansa. Yaron da ke zuba abinci ya daina karanta hadda, mai saye yana faɗin abin da yake so tun kafin ya iso gaban kanta, kuma direbobin A Daidaita Sahu, waɗanda kowane minti na tsayuwa fasinja ne ya wuce su, su ne suka fara yabawa.

Sai dai babbar ribar ta fito ne ta inda ban zata ba. Na shiga wannan aiki ina tunanin masu saye, ashe wadda yawan zaɓi ya fi wahalarwa tana cikin gidanmu. Kafin yanzu, Yaya takan tashi tun kafin kiran assalatu, kuma kafin ta ɗora tukunyar farko sai ta yanke hukunci a kan abubuwa da dama waɗanda babu wanda yake ganinsu: doya nawa za a fere, a raba ta yaya tsakanin sakwara da doya da ƙwai, kuɓewa ɗanya ta yi tsada yau, a saya ko a bari, agushin jiya da ya kwana a firji, bayan an ɗauke wuta tun tsakar dare, zai yi ko ba zai yi ba, wace ce za ta bar tuƙin tuwo ta koma kirɓa sakwara, tunda turmi ba ya jiran kowa. Idan ta isa kasuwar 'Yankaba, kuɗin hannunta ba ya isar komai da komai, don haka a gaban kowane mai kayan gwari sai ta sake sabon lissafi, ta rage a nan ta ƙara a can, ta dawo gida tana zargin kanta a kan abin da ta bari. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle sha shida.

Yanzu takardar cefanen ba ta canzawa. Tumatir da attaruhu da tattasai da albasa, ganyen agushi, nama daga abbatuwa, shi ke nan. Wake da kuka da daddawa muna sayo na mako biyu, kuma saboda abinci kaɗan ne suke cin kuɗin, a karon farko mun iya ɗaukar buhun wake guda daga Dawanau maimakon awon kwano-kwano a unguwa, haka ma taliya da mai da semo a katan daga kasuwar Singa. Wutar da ake kunnawa da safe ta ragu da kusan rabi. Yaya ta ce mini jiya, tana tsince wake, "Ka san rabon da in yi sallar asuba ban ƙirga doya a cikinta ba?" Dariya muka yi, amma maganar ta fi duk abin da na rubuta a littafin ciniki nauyi.

Akwai kuma abin da masu saye suka fara faɗa da bakinsu, wato miyar kuka ta ƙara daɗi. Ba a canza komai a cikinta ba. Bambancin kawai shi ne mai kaɗa ta yanzu tana tsaye a kanta, ba ta barinta ta ruga ta duba makaroni.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Wannan makon na yi kuskure, ko kuma in ce kuskuren da na yi tun watan jiya ne ya bayyana.

A cikin abubuwan da na soke akwai faten wake, saboda a ƙirgar da muka yi bai wuce faranti uku ko huɗu a rana ba. Ranar Talata wani dattijo da ke sayar da kayan gini a layinmu ya shigo bayan ya yi wata guda ba ya gari. Ya tsaya gaban allo ya karanta shi daga sama har ƙasa, ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa, sannan ya tambayi yaron ko faten ya ƙare ne. Yaron ya ce an daina. Dattijon ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To, Allah Ya ba da kasuwa," ya juya. Hajiya ta hango shi daga ciki, ta fito da sauri tana cewa, "Alhaji, dakata mana, yaushe ka dawo?" Ashe yana da ciwon suga, likita ya ce ya rage farar shinkafa da tuwo, kuma faten waken nan da alayyafo shi ne abincin ranarsa tun shekara uku. A cikin shidan da na bari, babu wanda ba shinkafa ko fulawa ko semo ba ne ginshiƙinsa. A wurin ɗalibar nan na rage ruwan ido, a wurinsa kuwa ban bar masa komai ba.

Hajiya ta sa aka dafa masa a ƙaramar tukunya aka kai masa shago. Da dare ta ce mini, "Littafinka faranti ya ƙirga, bai ƙirga mutane ba." Faten wake ya koma allo ranar Laraba, abinci ya zama 7.

Asabar, 2 ga Maris

Abin da ya faru ya sa na koma na ƙara karatu, domin na lura na riƙe gwajin jam ɗin nan kamar shi ke nan magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A 2010 Benjamin Scheibehenne da abokan aikinsa biyu sun tattara gwaje-gwaje 50 da aka yi a kan wannan batu, suka tarar cewa idan aka haɗa su gaba ɗaya, tasirin yawan zaɓi ya kusa zama babu: a wasu wuraren yana hana mutane saye, a wasu kuma yana ƙara musu sha'awa. Daga baya, a 2015, Alexander Chernev da wasu suka nuna cewa matsalar ta fi tasowa ne idan abubuwan suna da wuyar kwatantawa, ko lokaci ya ƙure, ko kuma mutum bai riga ya san abin da yake so ba.

Wannan ya yi daidai da abin da na gani da idona. Tuwon masara da semo da teba, ko taliya da makaroni, ko dafa-duka da soyayyiyar shinkafa, 'yan uwan juna ne. Wanda aka cire masa ɗaya zai ɗauki ɗayan ba tare da ya yi rashin komai ba, kuma su ne suke sa mutum tsayuwa yana auna abin da bambancinsa bai taka kara ya karya ba. Faten wake kuwa ba shi da ɗan uwa a allon. Da tun farko na raba abincin gida-gida, na bar ɗaya ko biyu daga kowane gida, maimakon in bi yawan ciniki kawai, da ban kori Alhaji ba. Na kuma gane cewa zaɓin da muka ce mun rage bai ɓace ba. Mun ɗauke shi ne daga kan mai saye da mai girki, waɗanda suke yinsa kullum a tsaye, muka yi shi sau ɗaya a zaune, kuma duk wanda ya ɗauki wannan nauyi a madadin wasu, dole ne ya san su waye yake zaɓa wa.

Asabar, 23 ga Maris (13 ga Ramadan)

Tun da aka ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga wata, babu abincin rana, aikin ya koma na buɗa-baki da na bayan tarawih. Kowa ya san idon mai azumi: da la'asar komai yana so, da an sha ruwa kuma ƙosai uku sun gama da shi. A bara mun soya doya da dankali da ƙwai da ƙosai, mun yi kunu kala biyu da zoɓo da farfesu, kowa yana nuna wannan yana nuna wancan, har a kira magariba layi bai ƙare ba. Bana mun yi ƙulli biyu ne rak, ƙarami da babba. Ƙaramin dabino ne da kunun tsamiya da ƙosai, babban kuma an ƙara masa soyayyen dankali da ƙwai. Ana ɗaure su tun ƙarfe biyar, mai saye ya ce ƙarami ko babba, ya miƙa kuɗi ya wuce. Ban ji wanda ya yi ƙorafi ba sai mutum ɗaya da yake son kunun gyaɗa.

Hajiya, wadda a watan Janairu take cewa kasuwa ido ce, ita ce ta dawo daga tafsiri tana ba mu hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa ba a taɓa ba Annabi (SAW) zaɓi tsakanin al'amura biyu ba face ya ɗauki mafi sauƙinsu, matuƙar ba saɓo ba ne. Ta faɗe shi ne tana kallon Yaya, wadda bana take samun zuwa tarawih a masallaci.

Asabar, 20 ga Afrilu

Wata ukun da aka ɗiba ya kusa cika, na zauna na haɗa lissafi. Ba zan iya cewa riba ta ƙaru ba, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a wannan makon cewa hauhawar farashin abinci ya kai kashi 40 cikin ɗari a watan Maris, kuma mu ba mu buƙaci sanarwa ba kafin mu san haka. Abin da zan iya cewa shi ne yawan farantin da muke sayarwa bai ragu ba, mun yi rashin wasu masu cin sakwara amma saurin layi ya kawo wasu, kuma kwantai ya ragu ƙwarai. Mun ƙara kuɗin faranti sau ɗaya ne a tsawon lokacin, kuma a ganina da muna nan da tukwane goma sha shida da ba mu tsaya a ɗaya ba.

Raguwar kwantan ta zo da wata magana da ban yi tunaninta ba. Almajiran da suke zuwa bayan isha'i sun saba samun ragowar tukwane da yawa, yanzu kuwa wani daren sai ƙanzo. Hajiya ta ce ita ba ta yarda gyaran lissafi ya ƙare a kan cikin almajirai ba. Daga wannan makon ana ƙara kwano ɗaya na shinkafa da wake a tukunyar yamma da niyyar sadaka, kuma na buɗe masa layinsa a littafi. Ya fi mini daɗin rubutawa a haka, abin da aka yi niyya, a kan yadda yake a da, lokacin da muke kiran asara da sunan sadaka.

Asabar, 25 ga Mayu

Tumatir ya yi wuyar da ban taɓa gani ba. Ban da ƙarewar na rani da aka saba, tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta yi ɓarna a gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, kuma kwandon da ake samu a 'Yankaba ya fi ƙarfin mai sayar da abinci irinmu. A nan gajeren allo ya nuna rauninsa. A cikin abincinmu bakwai, uku sun dogara kacokan da tumatir, wato farar shinkafa da jar miya, dafa-duka da taliya. A da, idan abu ɗaya ya yi tsada, akwai inda za a karkata masu saye. Yanzu wurin gudun ya yi kaɗan.

Ba mu tsawaita allon ba. Yaya tana haɗa kauɗar tumatir da na leda da tattasai mai yawa, taliya ta koma ta manja da yaji har zuwa lokacin da sabon tumatir zai shigo, kuma miyar busasshiyar kuɓewa ta karɓi gurbin agushi na ɗan lokaci. Na rubuta wa kaina cewa idan za a sake duba allon, ba bambancin abincin a bakin mai ci kaɗai za a duba ba, har da bambancin kayan da ake haɗa shi da su, don kada rabin allo ya rataya a kan kwando ɗaya.

Asabar, 8 ga Yuni

Tsohuwar ɗabi'a tana neman dawowa. A makon nan kaɗai an tambayi dambun shinkafa sau uku, kuma na ji Hajiya tana ce wa wata mata, "Bari mu gani." Mun zauna mu uku mun yi ƙa'ida: babu abin da zai hau allo sai wani ya sauka, kuma ba a yanke wannan hukunci a gaban kanta, sai a zaman ƙarshen wata. An keɓe ranar Juma'a kaɗai ga abinci guda na musamman, wanda aka fara jiya da tuwon shinkafa da miyar taushe, ya kuma ƙare kafin ƙarfe uku.

Maganar sakwara ce ba a gama ba. Hajiya tana so ta dawo da ita a gurbin semo idan sabuwar doya ta shigo, Yaya kuma ta ce sai dai a ɗauki wanda aikinsa kirɓi ne kawai, domin ba za ta sake raba mai tuƙin tuwo da muciya ba. An ce in lissafa kuɗin ɗaukar mutum ɗaya da kuma farantin sakwara nawa za a sayar a rana kafin a biya shi, in kawo a zaman da za a yi bayan Babbar Sallah.